Wa ya taɓa sauke giyabos ɗin MX-5 a gida? Canjin kuloci da waldar salansa

Mai MX-5, Bradford

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Mazda MX-5 ƙirar farko, ta 1996, mai injin 1.8. Kulocinta ya fara sulɓi: in na sa giya ta huɗu na taka mai a kan tudu, sai injin ya yi ta ƙugi, allura na hawa, motar kuwa ba ta ƙara gudu. Ga salansa kuma ta ɓule a daidai inda bututu ya shiga tukunyar baya, aikin gishirin da ake watsa wa titunan Ingila da hunturu. Gwajin MOT, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, ya kusa, kuma ba a barin mota ta wuce in hayaƙi na fita sosai ta inda bai kamata ba. Kuɗin aikin hannu a nan ya fi kuɗin kayan, shi ya sa na yi niyyar yi da kaina a bayan gida. Ina da jak, da ƙafafun ƙarfe huɗu, da ƙaramin injin waldar MIG na aro, irin mai turo wayar walda da kansa. Don Allah wanda ya taɓa sa hannunsa a irin wannan aiki ya gaya mana yadda ya kasance.

Mai Eunos, Leeds

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tawa Eunos Roadster ce, wato MX-5 ɗin da aka shigo da ita daga Japan, amma daga ƙasa ba su da wani bambanci da taka. Na yi aikin a kwance a kan kwali, kuma ina tabbatar maka yana yiwuwa. Tun da aka fito da motar nan a 1989 mutane ke yaba ta da sauƙin gyara, kuma gaskiya ce: injin a gaba, jan a baya, giyabos ɗin a miƙe yake, ba sai ka taɓa ƙafafun gaba ba.

Batir yana cikin but, fara da cire wayarsa. Daga nan ka shiga ciki ka cire sandar giya, a nan za ka ga robobin da ke rufe ramin sun yayyage, su ne ke sa zafi ya riƙa hawowa gefen cinyarka a doguwar tafiya. Ka juye man giyabos tukuna kafin ka zare farfela, in ba haka ba zai kwaro maka ta baya. Kafin ka kwance noti huɗun da suka haɗa farfela da aksul, sa musu alama da fenti don ta koma yadda take. Kulocin ƙasa, wato ƙaramar silindar mai da ke gefen giyabos tana tura kuloci, ba sai ka cire masa tiyo ba, kwance shi kawai ka ɗaure a gefe da waya.

Wuri biyu ne suka ci mini lokaci. Na farko notocin saman giyabos, waɗanda hannu ba ya kaiwa ta sama. Dabarar ita ce ka bar bayan giyabos ɗin ya ɗan sauko, ka harhaɗa dogayen sandunan bokis sifana da mai lanƙwasa a baki, ka zura daga can baya wajen da farfela take. Na biyu dogon ƙarfen alminiyon da ya haɗa giyabos da aksul ɗin baya. Motar nan ba ta da wani abin da ke riƙe giyabos daga ƙasa sai shi, kuma in ka mayar da shi ba daidai ba, sandar giya za ta zauna a karkace, farfela ta riƙa rawa. Littafin motar ya ba da awon tsayin da za ka ɗaga bayan giyabos kafin ka ɗaure, ka bi shi. Nauyin giyabos ɗin bai kai buhun siminti irin na Najeriya ba, amma a kwance kana tallabe da shi a ƙirji sai ka ji kamar ya fi. Ka nemi mutum na biyu ranar saukewa da ranar mayarwa.

Tsohon bakanike, Panteka

Yarona, Allah ya taimaka. Ni ban taɓa kwance irin motarka ba, amma Fijo 504 da 505 sun ci ƙuruciyata a Kaduna, su ma jan baya ne, karatun ɗaya ne. Abin da ya sa na sa baki shi ne ɗaga motar. Na ga da idona an ɗora mota a kan bulo, ana jijjiga giyabos don ya fita, bulon ya fashe ba tare da ya yi ƙara ba. Allah ya sa yaron da ke ƙasa ya riga ya mirgino neman sifana. Tun ranar ban ƙara yarda an shiga ƙarƙashin mota a kan bulo ko a kan jak kaɗai ba. Ka sa ƙafafun nan huɗu a kan siminti, ba a kan ƙasa mai laushi ba, ka tura tayoyin da ka cire ƙarƙashin gefen motar, sannan ka kama motar ka girgiza ta da ƙarfinka kafin ka shiga. Giyabos ba ya fita da lallashi, sai da jijjiga.

Sai daidaita faifan kuloci. Mu a da tsohon sandan giyabos muke yankewa mu ajiye don wannan aiki. Yanzu sabon kuloci yana zuwa da na roba, amma yana da ɗan wasa, don haka ka ɗaga shi kaɗan da yatsa lokacin da kake ɗaure notocin murfin, kana bin su a gicciye, kaɗan-kaɗan. In giyabos ya zo ya tsaya saura ɗan yatsa ya haɗu da injin, kada ka ja shi da noti. Haka ake fasa alminiyon, ko a lanƙwasa faifan. Sa shi a giya, ka juya bayan da hannu har haƙoran su shiga, zai zame da kansa.

Mai 350Z, Abuja

Baba ya gama magana a kan tsaro. Ni tawa Nissan 350Z ce ta 2007, kuma abin da na koya shi ne ka san abin da ke ciki kafin ka sayi kaya. Filawil ɗin 350Z, wato kewayayyen ƙarfen bayan injin da faifan kuloci ke mannewa a kai, mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, ba a kai shi a goge a kan injin fere ƙarfe kamar na da, in ya yi wasa sai dai sabo. Kuma daga 2007 Nissan ta mayar da kulocin ƙasa can cikin giyabos, haɗe da boris ɗin da ke danna kuloci. Wani gareji ya taɓa canja mini faifai ya bar tsohon kulocin ƙasa a ciki, ba a jima ba feda ta kwanta a ƙasa ina cikin cunkoson Nyanya, sai da aka sake sauke komai. Karo na biyu da kaina na yi, a ramin wani abokina. Kai ka yi sa'a, filawil ɗinka dunƙulallen ƙarfe ne, kulocin ƙasa kuma a waje yake. Amma shawarata ɗaya ce: duk abin da ba ka iya kaiwa sai an sauke giyabos, canja shi yanzu. Boris ɗin kuloci, ƙaramin boris na tsakiyar filawil, da oyil sil na bayan injin.

Mai Eunos, Leeds

Oga, boris biyun na yarda da kai ɗari bisa ɗari. A kan oyil sil ne muka rabu. Da na buɗe tawa na ga baƙin mai ya jiƙe bayan injin, na ɗauka shi ne. Da na bi sawun man da tocila sai na ga daga sama yake gangarowa, daga robar zoben na'urar da ke maƙale a bayan kan injin, mai karanta juyin kamshaf. Ciwon motocin nan ne sananne, kuma ana canja zoben daga sama ba tare da an sauke komai ba. Sil ɗin kansa a bushe na same shi, na bar shi. Sabon sil da aka buga a karkace ya fi tsohon da ba ya yoyo zama matsala.

Abin da ba zan yi sassauci a kai ba shi ne notocin filawil guda shida. Ka wanke haƙoransu, ka shafa musu maganin riƙe noti, ka ɗaure da sifana mai awo tsakanin 96 da 103 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ke nan. Na murfin kuloci kuwa 18 zuwa 26 ne kawai, hannu mai nauyi yana karya su. Ka tabbata kuma na 1.8 aka ba ka, faifansa milimita 215 ne, na 1.6 kuwa 200.

Mai 350Z, Abuja

Motar da ta haura shekara ashirin da biyar, robar ta riga ta taurare ko ba ta fara zuba ba. Ni dai zan canja, in sa alamar zurfin tsohon, in buga sabon a hankali da katako. Amma kai ka san motar fiye da ni.

Mai walda, Ƙofar Ruwa

Ranku ya daɗe, ku bar ni da salansa, sana'ata ce a nan Kano. Malam mai mota, kafin ka kunna injin walda, ɗauki ƙaramar guduma ka bubbuga kewayen ramin. Ramin da kake gani ƙarami ne, tsatsar da ta cinye ƙarfen daga ciki ta fi shi faɗi, don ruwan da ke taruwa a tukunyar baya daga ciki yake ci, musamman motar da ba ta doguwar tafiya. Inda ya yi ƙara mai kauri ƙarfe ne, inda ya lotsa ya mutu. Mutane da yawa suna kawo mini aikin da wani ya bi rami da walda, yana toshe nan can na ɓulewa, har wurin ya zama tudu. Ba a walda a kan tsatsa. Ka yanke har ka kai ƙarfe mai lafiya, ka samo guntun bututu da zai shiga ciki ko ya hau sama, ka gurza bakin duka biyun har su yi fari.

Kaurin bututun salansa bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba. Mu da yawa da gas na kabayit muke yi, don wutarsa tana da sanyin hali a kan siririn ƙarfe. Wanda ya zo da waldar lantarki da babbar sanda, huda zai yi ta yi. Kai da kake da MIG ka fi mu sauƙi: sa waya mai kaurin milimita 0.6 ko 0.8, ka rage wuta, ka gwada a kan guntun da ka yanke tukuna. Kada ka ja layi ɗaya. Ɗiga nan, ka tsallaka ɗaya gefen ka ɗiga, ka bari jan ya dushe, ka dawo, har ɗigon su haɗu.

Kuma tunda dole ka sauke salansar don giyabos ya samu hanya, kada ka yi waldar a jikin motar. Rataya ta a robobinta, ka daidaita bakin ya zauna tsakiyar bamba, ka ɗiga wuri uku don ta riƙe, sai ka sauke ka zagaye a ƙasa. Saman bututu shi ne inda mai walda a kwance ba ya gani, nan ne hayaƙi ke komawa ya fita.

Injiniya, Stuttgart

Malam mai walda ya faɗi abin da hannu ya sani, bari in ƙara abin da na gani a wurin aiki da kuma a kan tsohuwar BMW ɗina. Tankin man MX-5 yana bayan kujeru ne, sama da aksul, bututun salansa kuma ta ƙarƙashinsa yake bi. Ko ɗigon nan uku za ka yi, ka kare wurin da falankin ƙarfe, abin kashe gobara yana kusa da hannunka, batir a cire, wayar at ta injin walda kuma a maƙale a jikin bututun daf da inda kake aiki, don kada wutar ta nemi hanya ta wayoyin motar ta ƙona birenbos.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne maganin fesa wa birki. Zai kasance a hannunka don da shi za ka wanke filawil. Kada ka wanke bututun da za ka yi wa walda da shi. Wasu irinsa suna da sinadarin kulorin, in zafi da hasken walda suka same shi yana komawa iskar fosjin, guba ce da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kaɗan ta isa ta lalata huhu. Bututu mai rufin zinki shi ma hayaƙinsa na sa zazzaɓi, a gurje rufin, a yi aikin a fili. In kuma guntun da ka samo ƙarfe ne mara tsatsa kana so ka haɗa shi da na gama-gari, wayar 309L ce ta dace, 308L kuwa ta haɗa mara tsatsa irin 304 da ɗan'uwansa ce.

Mai MX-5, Bradford

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Giyabos yana ƙasa. Faifan ya cinye har kan ƙusoshin, filawil yana da ɗan shuɗin ƙuna amma babu tsaga, na kai an goge. Sil ɗin yana ɗan gumi daga ƙasa, don haka na bi Oga na Abuja, na kuma canja zoben sama. Baba, na girgiza motar kamar yadda ka ce kafin in shiga. Da na bubbuga salansa kuwa sai gudumar ta shige cikin tukunyar kanta, ba bututun kaɗai ba. Malam mai walda, wannan tana da magani?

Mai walda, Ƙofar Ruwa

A'a Malam, tukunyar da guduma ta shige ta gama aiki. A nan muna iya naɗe ta da sabon falanki don mai ita ba shi da hali, amma bangayen ciki sun riga sun ruɓe, za ta yi ta kaɗa. Sayi sabuwa, waldarka ta tsaya a bututun tsakiya in shi ma ya taɓu. Ka sa sabon gasket a mahaɗa, ka duba robobin rataya, don roba ɗaya in ta saki nauyin yana komawa kan waldar ne ya tsaga ta. In ka gama, ta da injin da sanyi a waje, ba cikin gareji a rufe ba, wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, kai kuma ka shafa ruwan sabulu a kan waldar. Inda ya yi kumfa, sa alama da alli, ka sauke ka ƙara ɗigo. Ka ɗauko hoton waldar kafin ka fesa mata fenti mai jure zafi, in duba maka.