A taimaka: me za mu kira "thriller" da Hausa? Gobe za mu ɗauki shiri

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe Juma'a bayan la'asar za mu ɗauki shirinmu na littattafai, edita kuma yana son rubutun kafin a tafi masallaci. Wannan makon a kan wasu ƙagaggun labarai ne na Amurkawa da suka yi kasuwa bayan harin 11 ga Satumba 2001: jami'in leƙen asiri ko tsohon soja yana farautar 'yan ta'adda kafin su tayar da bam, kuma jarumin Kirista ne mai riƙo da addininsa. Kamfanonin ɗab'i na Kiristoci irin su Tyndale House da Thomas Nelson na fitar da irinsu. "Yaƙi da ta'addanci" ba ni da matsala da shi. Inda ta cije shi ne kalmar nan thriller. Na rubuta "labari mai ban tsoro", na duba, na goge.

Malamar Hausa:
Gara da ka goge. Ban tsoro na aljanu ne da mayu da fatalwa. A nan kuwa agogo ne dodon. Mai karatu ya san an dasa bam, ya san ƙarfe nawa zai tashi, abin da bai sani ba shi ne ko za a kai gare shi kan lokaci. Wannan ai zullumi ne. Ka ce labarin zullumi.

Badauri:
Ku daina wahalar da kanku, a ara kawai. Tirila. Rediyon aro ne, fim aro ne, bam ɗin ma aro ne.

Na Ƙofar Guga:
Ka ce tirila a rediyo, dattijo a Mashi zai ɗauka tirelar siminti ce ta kife a hanyar Daura. Kuma bakin Bahaushe sirila zai ce.

Tsohon Hedimasta:
Yara, ku saurara. Na daɗe da ƙera wa abin nan suna, tun ina aji: KAƊA-HANTA. Ku duba ginin. Aikatau da karɓau, kamar dafa-duka, kamar hana-salla. Bahaushe idan ya razana ba ya cewa komai sai "hantata ta kaɗa". To littafin da aka rubuta don ya yi maka haka, mene ne sunansa? Gaɓa huɗu, ba aro, ba kame-kame. Ɗan Marusa, rubuta ka tafi ka kwanta.

Malamar Hausa:
Allah ya gafarta Malam, ginin ba laifi. Amma hanta sau ɗaya take kaɗawa, ta koma ta zauna. Littafin nan shafi ɗari uku yake riƙe da kai.

Na Ƙofar Guga:
Ni da na gani na zaci sabon tsire ne.

Tsohon Hedimasta:
Kai ba da kai nake ba.

Ustazu:
Larabawa sun riga sun gama wannan aiki, tashwiƙ suke cewa, wasu su ce isara. Tunda ta'addanci ma daga Larabci muka samo shi, kuma muna da shauƙi daga saiwa ɗaya da tashwiƙ, me zai hana labarin shauƙi?

Malamar Hausa:
Ustazu, shauƙi ya daɗe da yin aure a gidan soyayya da bege. Ka ce labarin shauƙi, ɗalibaina 'yan mata za su jera layi suna tambayar sunan saurayin.

Badauri:
To hana-barci.

Na Ƙofar Guga:
Sauro ma hana-barci ne. Bashi ma haka.

Tsohon Hedimasta:
Kun gani? Duk kuna zagaye, kaɗa-hanta na zaune yana jiran ku. Matsalarku ita ce sai kalma ta fito daga Kano kuke yarda da ita. Da a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero aka ƙera ta, da yanzu kuna ta "ma sha Allah". Ku buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ku ga kalmomi nawa ya yi wa alamar Katsina. A gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta nan Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Ƙagaggen labarin boko a ɗakinmu ya yi rarrafe, amma yau mu za a ce mu zamna mu jira izini.

Badauri:
Baba, da girmanka, idan tushe ake nema a zo Daura ta Abdu. Labarin irin wannan na farko a ƙasar Hausa a bakin Kusugu aka yi shi. Maciji ya tsare rijiya, gari ba ya shan ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo da dare ya gama da shi. Ga ɗan ta'adda, ga jami'in tsaro. Mu jarumta muke kiran sa, a ce labarin jarumta a huta.

Tsohon Hedimasta:
Ɗazu kai ne mai tirila.

Badauri:
Na tuba. Amma ku da kirarinku ya ce kunya gare ku ba dai tsoro ba, ina kuka san hanta na kaɗawa?

Malamar Hausa:
Jarumta daban. A labarin jarumta kana zaune hankali kwance, ka san gogan zai ci, kirarinsa kake jira. Bayajida bai taɓa sa kowa ya ƙi cin tuwo ba. Da za a ba da labarin ta bakin tsohuwar da ta sauke shi, tana zaune cikin duhu tana jiran ko zai dawo da guga ko sai gawarsa, to nan ne zai shiga layin da Ɗan Marusa ke nema.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Jama'a, sha ɗaya ta wuce. A bar Kano da Kusugu. Ga rabi na biyu ma, wato ɓangaren Kiristancin, ban gama da shi ba. Na sa "na Nasara", ya yi?

'Yar Malumfashi:
Bai yi ba, ɗan'uwa. Ni Bahaushiya ce, Kirista, kuma na karanta irin littattafan nan da dama. Nasara a kunnen mutane Bature ne, ka ji ana cewa zamanin Nasara. Mu da kakanninmu ke Malumfashi da Kafur, muke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda cikakkiyar fassararsa ta fito tun 1932, ba Turawa ba ne. Kirista muke kiran kanmu. Ka ce mai jigon Kiristanci.

Kada kuma ka ce na bishara, don ba littafin wa'azi ba ne, na nishaɗi ne. Abin da ya raba shi da sauran shi ne ba ashar, ba batsa, jarumin na addu'a, sau da yawa yana ɗauke da wani tabo, ko an kashe masa mata ko bangaskiyarsa ta yi sanyi, sai ya dawo hanya kafin ƙarshe. Akwai kuma reshen da ke ɗora siyasar Gabas ta Tsakiya a kan annabcin ƙarshen zamani, musamman Ezekiyel sura 38 da 39, maganar Gog da Magog, waɗanda ku kuke kira Yajuju da Majuju.

Ustazu:
Malama, ki faɗi sauran. Wane ne mugun a ciki?

'Yar Malumfashi:
Zan faɗa, ban ɓoye ba. A yawancin waɗanda na karanta Balarabe ne ko mutumin Iran, Musulmi. Shi ne abin da ke sa ni ajiye wasu a rabi. Kawunnaina biyu Musulmi ne, tare muke zaman makoki, tare muke biki. Marubuci yana zaune a Amurka bai san irin wannan gida ba.

Ustazu:
To sunansa farfaganda, an gama. Me ya sa za mu ɓata dare muna yanka wa abin da ke zaginmu ragon suna?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ustazu, wannan magana za ta shiga shirin, na ware mata minti biyar, kuma da 'Yar Malumfashi za ta yarda da na kira ta a waya. Amma hukunci daban, suna daban. Idan gobe wani a Funtua ya rubuta irinsa da jarumi mai tsayuwar dare, ai suna ɗaya zan kira su, jigon kawai zan canza.

Ustazu:
Wannan kuma gaskiya ne. Amma ka ba ta minti goma.

Na Ƙofar Guga:
Bari in yi magana ba wasa sau ɗaya. Zullumi na damuna. Masu sauraronka suna Batsari, suna Faskari, suna Ƙanƙara inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disamba 2020. Tun farkon 2022 gwamnatin tarayya ta sa 'yan bindiga cikin jerin 'yan ta'adda, don haka da ka ce ta'addanci ba New York za su hango ba, dajin bayan gari za su hango. Su zaman zullumi ba a littafi suke karanta shi ba. Sai ka ce musu ga wasu can suna biyan kuɗi su sayi zullumi don daɗi?

Tsohon Hedimasta:
Yauwa! Allah ya yi maka albarka, na yafe maka tsiren. Abin da nake faɗa ke nan. Zullumi ba daɗi a cikinsa ko kaɗan. Kaɗa-hanta kuwa da ka ji shi ka san da wasa a ciki, irin na yaron da ke roƙon a ƙara masa tatsuniyar dodo yana maƙale da kakarsa.

Malamar Hausa:
Na yarda zullumi ya fi nauyi, wannan kam Malam ya kama ni. Amma kalmar "ƙagagge" tana gaba, ita za ta sauke nauyin. Kuma kowa ya san zullumi ba sai an yi bayani ba. Kaɗa-hanta sai ka tsaya ka fassara, shiri kuma minti talatin ne.

Tsohon Hedimasta:
Dafa-duka ma wata rana wani ya tsaya ya fassara.

'Yar Malumfashi:
Ni dai idan za a tambaye ni yadda nake ji ina karantawa, ɗar-ɗar ne. Amma na san ba za ku bari a ƙara wani suna ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ba za mu bari ba. Ga abin da na tura: "ƙagaggun labaran zullumi kan yaƙi da ta'addanci, masu jigon Kiristanci". Ya yi tsawo, na sani, sau ɗaya zan faɗe shi cikakke, bayan nan labaran zullumi kawai. Baba Hedimasta, na sa layi ɗaya: "wasu dattawanmu na kiran irinsa kaɗa-hanta".

Tsohon Hedimasta:
Wasu dattawa? Mutum ɗaya ne, kuma yana da rai.

Badauri:
Har yanzu tirila ta fi gajarta.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam, ga yadda aka kwana. Edita ya bar zullumi, ya soke layin dattawa wai lokaci. Sai dai abokiyar gabatarwata ta riga ta gani a takardata, ta faɗe shi sau biyu cikin hira tana dariya, kuma ba a yanke ba.

Tsohon Hedimasta:
Sau biyu. Ƙarfe nawa za a sa, kuma akwai maimaici?