Me ya sa ake nuna anime da tsakar dare a Japan, a tsaya a kashi 12?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a fitar da ni daga duhu. Anime (wato katun ɗin Japan) da yawa da muke bi a intanet, in ka duba jadawalinsu a Japan sai ka ga ƙarfe ɗaya na dare ake nuna su, kashi 12 ko 13 sai a tsaya cak. Gidan talabijin ne ba ya so, ko 'yan kallo ne suka yi kaɗan? Kuma me zan duba in gane ko za a yi zango na biyu?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka fara tambayar waye ya biya, don ciniki iri biyu ne.

Na safe da na yamma, tashar ce ke sayar wa kamfanoni talla a cikin shirin, galibi ta hannun dillalan talla irin su Dentsu da Hakuhodo. Sunayen kamfanonin da suka sayi tallan ne ake jerowa a allo bayan waƙar buɗewa. Yawan 'yan kallo, wanda kamfanin Video Research ke aunawa, yana da nauyi a nan. Misali, kamfanin Toshiba ya ɗauki nauyin shirin Sazae-san a Fuji TV tun 1969 har zuwa 2018.

Na tsakar dare kuwa akasin haka ne. Kamfanoni ke haɗa kuɗi su kafa kwamitin shiryawa: mawallafin manga (littafin labari mai zane-zane da ake ciro shirin daga ciki), kamfanin waƙa, mai buga faifan Blu-ray, mai kayan wasa. Sau da yawa kwamitin ne ke biyan tasha kuɗin filin rabin awa, kamar yadda mai maganin gargajiya ke sayen fili a rediyo. Lokacin dare ya fi araha nesa ba kusa ba. Ka lura da tallan da ke fitowa a hutun tsakiya: faifan shirin ne, da littafinsa, da waƙarsa. Shirin kansa talla ne. Kashi 12 ko 13 kuwa wata uku ke nan, domin jadawalin can rubu'i-rubu'i yake tafiya: Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba. Rubu'i ɗaya suka saya, ba yanke shi aka yi ba.

Amsa ta biyu: Malam ya yi bayani, sai dai a ƙara da cewa akan yanke ɗin ma, musamman inda mai kayan wasa ne uban tafiya. Gundam na 1979 kashi 52 aka tsara, aka tsaya a 43. 'Yan kallo ba su taka kara sun karya ba, kayan wasan Clover, mai ɗaukar nauyinsa, su ma ba su shiga kasuwa yadda ake so ba. An yi wa yara ƙanana kaya, alhali matasa ne ke kallo. A 1980 kamfanin Bandai ya fito da kayan wasan Gundam na roba da mutum ke harhaɗawa da hannunsa, sai kasuwa ta buɗe.

Har gobe haka ake yi. Dubi Pretty Cure na safiyar Lahadi: duk Fabrairu sabon zango, sababbin jarumai, sabuwar sandar tsafi. Wannan sandar da jaruma ke ɗagawa sama ana hasko ta kusa-kusa, ita ce a kan kantar shago.

Amsa ta uku: Kan zango na biyu, ka tsaya ka karanta sunayen ƙarshen shiri, kada ka tsallake. A nan ake jera 'yan kwamiti, kuma wanda ke sama yawanci shi ya fi zuba kuɗi. In mawallafi ne, duba ko cinikin manga ya tashi bayan an fara nunawa, sannan ko akwai sauran labarin da ba a taɓa ba. In an cinye littattafan, dole a jira marubuci. In kamfanin wasan waya ne, lafiyar wasan za ka bi. In kuwa ka ga kamfanin nuna bidiyo a intanet irin Crunchyroll a ciki, to kallon ƙasashen waje ya shiga lissafi. A da cinikin faifai ne ma'auni, yanzu kuɗin lasisin intanet ya rage masa ƙarfi sosai, don haka kada ƙarancin cinikin Blu-ray ya sa ka fid da rai.

Ko an amince ma, sai an samu situdiyon da ke da sarari, kuma manyansu aiki ya cika musu hannu na shekara biyu ko fiye a gaba.