Ƙannena na kawo min aikin makaranta, ni kuma kaina ya ɗaure, ya kuke yi ne?

Yayar Yara, Ɗorayi:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina da ƙanne biyu a hannuna, namijin yana JS2 macen kuma SS2 ɓangaren kimiyya, iyayenmu ba su yi boko ba saboda haka duk wani asayimen kaina yake ƙarewa. Ni kuma ɓangaren Arts na yi ba kimiyya ba, rabona da lissafi tun da na rubuta WAEC. Abin da ke faruwa yanzu shi ne su karɓi wayata su ɗauki hoton tambayar, manhaja ta zubo musu amsa su kwafe tsaf, malami ya ba su maki goma bisa goma, amma ranar tes sai ka ga abin tausayi. Shi ƙaramin ko rabi da kwata aka ce ya haɗa sai ya tsaya yana kallon silin. Mun tambayi kuɗin mai lesin, wlh ba za mu iya ba a wannan yanayin. Masu yara a gida ya kuke yi? Lissafi ne da kemistiri suka fi damuna, amma tarihi da adabi ma haddar aku kawai ake yi.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare a nan cikin gari kuma abin da kika faɗa kullum shi muke gani, littafin aikin gida fes, takardar jarabawa wayam. Yaron nan naki ba daƙiƙi ba ne, ki aike shi kasuwar Rimi da dubu biyar ki ga ko zai dawo da canjin da bai cika ba. Turancin tambayar ne yake tsaya masa a wuya tun kafin ya kai ga lambobin. Don haka kafin ya taɓa biro ki ce ya faɗa miki da Hausa me ake nema, in ya kasa to ba lissafin ne matsalar ba tukuna.

Maganar ɓangarori kuwa, in yana zuwa Islamiyya ai kin samu hanya. Ki ce masa mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, ya bar naira 240,000. Mata tumuni ne rabonta wato 1/8 tunda akwai ɗa, uwa sudusi 1/6, ɗan ya kwashe saura. To ya za a haɗa 1/8 da 1/6? Sai an nemo lambar da 8 da 6 duk za su shiga cikinta ba saura, ita ce 24, abin da malaman gado ke kira asalin mas'ala shi ne dai LCM ɗin da yake gudu a aji. Mata kashi 3, uwa kashi 4, ɗa kashi 17. Kowane kashi 10,000 ne, kin ga mata 30,000, uwa 40,000, ɗa 170,000. Na sha gwada wannan a aji, yaran da ke gyangyaɗi sai ka ga sun miƙe suna musu wai an cuci matar. Daga nan ki shiga zakka, ɗaya cikin arba'in, shi ne 2.5 cikin ɗari, kin buɗe masa babin fasent ke nan ba tare da ya sani ba.

Ita kuma babbar ki gaya mata a takardar rubutu ta WAEC matakai ake bi ana ba da maki, wanda ya dire amsa ita kaɗai ko daidai ce ba zai samu cikakken maki ba, wanda kuma ya bi hanya daidai ya ɓata a layin ƙarshe zai tsira da wani abu. Mai kwafe daga waya matakan ne ba ya iyawa.

Uwar Biyu, Kurna:
Malam ya gama magana a kan lissafi. Ni nas ce, kimiyya zan ɗan taɓa. Kemistirin SS2 yawanci asid da bes (masu tsami irin lemon tsami da kishiyoyinsu irin kanwa) ne ke fara rikita su kuma duk kayan gwajin suna kicin ɗinki. Ki jiƙa zoɓo ki tace ba suga, ki raba a kofin gilas uku. Na farko ki matsa lemon tsami, za ki ga jan ya ƙara haske. Na biyu ki zuba ruwan kanwa, nan take zai yi duhu ya koma wani kore-kore mai baƙi-baƙi. Na uku ki bar shi haka don kwatance. Sai ki ɗauki na kanwar nan ki riƙa ɗiga lemon tsami a hankali, jan zai fara dawowa. Abin da litmos, wato takardar gwajin da ke canza launi a cikin asid ko bes, ke yi a lab ke nan, kuma shi ne tushen taitireshan, wato ɗiga asid a kan bes har launi ya canza, da za ta yi a firaktikal. Ki bar ta ta yi da hannunta ta rubuta abin da ta gani, ke dai ki zauna gefe kina tambayar me ya sa.

Randa ma darasi ce, me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Saboda ƙasar tana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa waje yana bushewa, bushewar nan kuma zafi take ja daga cikin randar. Irin aikin da gumi ke yi a jikin mutum. Nawa yaran har kakarsu suka je suka yi wa bayani, ta ce ita dai ta san randa tun kafin a haifi ubansu.

Ɗan Fagge:
Ni fa ban yarda da wannan abin na Hausa Hausa ba gaba ɗaya, ku yi haƙuri Malam. Jarabawa da Turanci ake yinta. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu a gaban kwamfuta, Ingilishi kaɗai 60, sauran darussa uku 40 kowanne, yaushe yarinya za ta tsaya tana juya tambaya zuwa Hausa a kanta? Anti ki je Sabon Gari wajen masu littattafai ki sayo mata tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB, ko na hannu ne, ki sa mata agogo ta riƙa yi kullum. Kuma wayar nan kar ki hana gaba ɗaya, mu da ita muka ci jarabawa, akwai malamai a YouTube masu warware tambayoyi dalla dalla har da masu yi da Hausa. Abin da za ki hana shi ne ɗaukar hoto a kwafe. Ta fara yi da kanta, in ta gama ta duba, in ya saɓa ta nemo layin da ta kauce. Su manhajojin ma wani lokaci ƙarya suke shararawa da ƙarfin hali musamman a tarihin ƙasar nan.

Malam Mai Alli:
Ɗan Fagge ai ba mu saɓa ba. Ban ce ta rubuta da Hausa ba, cewa na yi ta gane da Hausa ta rubuta da Turanci. Wanda bai gane ba ko agogo goma ka sa masa cacar A B C D kawai zai yi. Amma maganar tsofaffin tambayoyi gaskiyarka ce, daga SS2 ya kamata a fara ba sai an biya kuɗin rajista ba.

Baba Na Mandawari:
'Yata, ni tsohon malamin tarihi ne na yi ritaya, jikana ne ke buga min wannan. Abin yana ba ni takaici, yaro ya tashi a Kano a ce tarihi ya zame masa hadda, alhali yana taka shi da ƙafa kullum. Ranar Asabar ki ɗauke su a adaidaita ku je Gidan Makama nan kusa da gidan sarki, ku fito ku ratsa kasuwar Kurmi, in da ƙarfi ku hau Dala su hango inda ganuwa ta bi. A can sama ki ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda a 999, da Gijimasu da ya fara ganuwa, da Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda a zamaninsa aka kafa Kurmi aka gina gidan sarautar da ake ciki har yau, kuma a lokacinsa Shehu Magili ya zo Kano. Sai jihadin 1804 da ya kawo ƙarshen mulkin Alwali, sai Dabo a 1819, sai Turawa a 1903 zamanin Alu. Shekarun nan kaɗan sun isa su zama turaku, duk wani abu da aka koya musu sai su ɗaure shi a kusa da ɗaya. Kuma ki riƙa tambayarsu dalili, me ya sa birni ke buƙatar ganuwa, me ya kawo fatake daga Arewacin Afirka har Kurmi, me suke kawowa me suke tafiya da shi. In kun bi ta marinar Ƙofar Mata ita mai kimiyyar ta tsaya ta kalli zane yana fitowa daga ruwan baba da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi, ta tambayi malaminta na kemistiri me ya faru.

Adabi kuma ba a taƙaice ake cinsa ba. Yaran yanzu takardar taƙaitawa suke saye su haddace jigo kaza, salo kaza, ba su taɓa buɗe littafin ba. Ku karanta shi da baki bayan isha, babi guda, kowa ya ɗauki muryar tauraro ɗaya, mahaifiyarku ma ta zauna ta ji in na Hausa ne, za ki sha mamakin yadda za ta warware musu karin magana da habaicin da ke ciki fiye da takardar. Waƙa kuwa sai an rera ta ake jin amsa-amo da kari. Ki dai tabbatar littafin da ke cikin manhajar karatun shekararsu ne, domin hukumomin jarabawa suna canza littattafan lokaci lokaci.

Yayar Yara, Ɗorayi:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na gwada na gadon jiya da daddare da fitilar waya don an ɗauke wuta, ya samo 24 ɗin da kansa amma da na canza na ce babu ɗa, mata ta koma rubu'i 1/4 uwa kuma sulusi 1/3, sai ya sake cewa 24 wai ai ita ce lambar gado. Mun dai kai ga 12 da ƙyar. Malam dan Allah in akwai irin wannan dabarar ta lambobi masu alamar ɗebewa a turo min, ranar Litinin suke da tes kuma har yanzu bai yarda cewa -2 ta fi -5 girma ba.