Maniyyin ɓera mai naƙasa, ina yake ƙarewa a jikin ta macen?

Ɗalibar_Bayoloji:
Salam 'yan uwa. Jiya a lab muka duba maniyyin ɓera a maikiroskof, lafiyayyen kansa a lanƙwashe yake kamar lauje, amma wallahi na ga wasu da dama kai a murɗe, wani ba ƙugiyar ma sam, wani wutsiyar a naɗe. Abin ya tsaya min a rai tun jiya. Don Allah irin waɗannan suna isa wajen ƙwai kuwa, ko a hanya suke ƙarewa?

Baban_Ilham:
Wa alaikis salam ƙanwata. Mahaifa kam suna shiga, don a ɓera maniyyin kusan gaba ɗaya yake tuɗaɗowa cikin mahaifa da mai kyau da mara kyau, miliyoyi, sannan namijin ya bar wani toshi mai tauri a bakin hanyar. Inda ake tankaɗe shi ne mahaɗar mahaifa da bututun ƙwai, wata 'yar ƙofa ce matsattsiya ga lanƙwasa ga majina. Wata masaniya 'yar Poland, Halina Krzanowska, ta ƙirga su a 1974, ta ga masu mummunan kai sun fi yawa a mahaifa, a cikin bututun kuma sun ragu sosai, musamman waɗanda naƙasar ta yi tsanani. Masu 'yar ƙaramar matsala wasunsu kan sulale su wuce. Sauran da aka bari a baya fararen ƙwayoyin jini ne ke cinye su, wasu kuma a zubar da su waje.

Ɗalibar_Bayoloji:
Ikon Allah. Kenan Malam siffar kan ce ke hana su wucewa?

Ummu_Sadiq:
Ba siffa kaɗai ba 'yar uwa, ni nan ne ma abin ya fi ɗaure min kai. A Jami'ar Osaka ta Japan an cire wa ɓeraye wata ƙwayar halittar gado mai suna calmegin, maniyyinsu ka gan shi tsaf, yana iyo lafiya lau, amma ya kasa tsallake ƙofar nan, namijin yana barbara ba haihuwa. Haka ma in babu furotin ɗin ADAM3 a jikin maniyyin. To kin ga akwai naƙasar da ido ba ya gani ko da maikiroskof ne.

Baban_Ilham:
Gaskiyarki Hajiya. Sannan ke ƙanwata kar ki ɗauka duk mai karkataccen kai abin da ke cikinsa ma ya lalace. A 1996 wani masani Yanagimachi da abokan aikinsa na Jami'ar Hawai sun ɗauki masu mummunan kai suka cusa su kai tsaye cikin ƙwai da allura, aka haifi 'ya'yan ɓera lafiyayyu. In kin koma lab ki riƙa ware masu matsalar kai daban da masu matsalar wutsiya wajen ƙirga, ki kuma rubuta jinsin ɓeran, don wani jinsin kamar BALB/c dama can masu naƙasar sun fi yawa a nasa.