Mai ɗakina ta iso Hamburg, ta ina za mu fara?

Baƙon Altona ya rubuta:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da mai ɗakina ta iso nan Hamburg, ƙasar Jamus, daga Kano tare da ɗanmu mai shekara 2. Ta ci jarrabawar Jamusanci ta matakin A1, wato matakin farko, a Legas kafin a ba ta biza, amma har yanzu ko kanti ba ta iya zuwa ita kaɗai, ni kuma ina wurin aiki tun safe har magariba. Wace hukuma ko ƙungiya ce ke taimaka wa sabon zuwa ya saba da gari?

Alhaji na Harburg ya amsa:
Wa alaikumus salam, barka da arziki. Tun shekarar 2005 gwamnatin Jamus ke gudanar da kwas na musamman domin baƙi a ƙarƙashin BAMF, hukumar tarayya mai kula da baƙi da 'yan gudun hijira, wanda ya ƙunshi darasi 600 na harshe da wasu 100 a kan dokoki da tarihin ƙasa, kuma ana so ɗalibi ya kai matakin B1, wato matsakaicin mataki. Hukumar ba ita ke koyarwa da kanta ba, makarantun manya irin su Volkshochschule ne ke yi. Kafin ku yi rajista, ku fara zuwa ofishin ba baƙi shawara na Caritas ko Diakonie ko AWO, domin kyauta ne. Caritas da Diakonie ƙungiyoyin agaji ne na coci, amma kada hakan ya sa ka ja da baya, Malam, ba sa tambayar addinin kowa.

Maman Hauwa ta amsa:
Alhaji ya yi bayani, sai dai ya tsallake maganar yaro, wadda ita ce ke zaunar da mata da yawa a gida. A Hamburg gwamnatin jiha na biyan awa 5 na gidan renon yara kowace rana, har da abincin rana, saboda haka ku nemi takardar Kita-Gutschein, wato takardar da ke ba yaro wannan tallafin, tun yanzu, tunda samun gurbi yakan ɗauki lokaci.

Na gama kwas ɗin da takardar shaida a hannu, amma bakina bai buɗe ba sai da na fara zuwa zaman hira na Dialog in Deutsch a ɗakin karatu na unguwarmu, inda 'yan sa-kai ke jagorantar hira ba rajista, ba jarrabawa. Ka bar ta ta riƙa zuwa ita kaɗai, ko da za ta ɓata hanya sau ɗaya ko biyu.

Baƙon Altona ya amsa:
Allah ya saka muku da alheri. Ranar Litinin ba ni da aiki, za mu fara da takardar yaron insha Allahu.