Ta ina zan samo tallafin shirin kare ɗalibanmu?

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da masu aikin ƙungiyoyi. Don Allah ina neman shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Shekara biyu ke nan mu malamai huɗu muna zama bayan an tashi makaranta da yara 'yan shekara 12 zuwa 16, waɗanda suka fara fashin aji ko suka fara bin abokan shaye-shaye. Muna yi musu bita, mu gana da iyayensu, mu haɗa kowane yaro da babba guda da zai riƙa bibiyarsa. Daga aljihunmu muke yi, kuma ƙarfinmu ya kusa ƙarewa.

Sau uku ina rubuta takardar neman tallafi, ba a dace ba. Wurare biyu sun ce sai ƙungiya mai rajista da rahoton binciken kuɗi. Amsa ta uku ce ta fi damuna: sun ce in nuna sakamako da alƙaluma. To yaya ake ƙirga yaron da bai fara shan ƙwaya ba? Muna da rajistar halarta da makin jarrabawa, amma ba mu tattara bayanan yaran kafin mu fara ba.

Shin rajistar halarta ta shekarar da ta gabaci shirin za ta iya zama ma'aunin farawa? Wanda ya taɓa neman tallafi a ƙarƙashin inuwar wata ƙungiya, kashi nawa suke cirewa na gudanarwa? Manya irin su UNICEF galibi ta hannun gwamnati da ƙungiyoyi suke bi. Ƙananan gidauniyoyi fa, ina ake ganin sanarwarsu?