Na sa barikin soja a taswira da sunana na gaskiya, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni ɗalibi ne a nan Jos, ajin ƙarshe. Gidanmu a Rikkos yake, kuma kowa ya san abin da ambaliyar Yulin 2012 ta yi wa unguwar. Ina yaro lokacin, amma ban manta katifunmu shanye a kan katanga da laka har gwiwa ba. Shi ya sa da abokina ya nuna mini OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa kyauta, na rungume ta hannu bibbiyu. Na zana lungunan Rikkos da Gangare, kwalbatoci, rijiyoyin burtsatse, har gidajen da ke bakin rafi. Datar ma daga kuɗin abincina nake saya.

Kwanaki ina bin wata hanya a bayan gari sai na iso katangar wani bariki. Na zagaye ta, na sa mata alamar filin soja, na zana gine-ginen ciki da ƙofofi. Kawuna tsohon soja ne, da na nuna masa sai fuskarsa ta canza, ya ce in ba so nake a zo a ɗauke ni da daddare ba in goge. Ga shi asusun OpenStreetMap ɗin da cikakken sunana na buɗe, kuma ina son neman aikin ɗamara bayan bautar ƙasa. In goge ne, ko in yi shiru?

Injiniya: Ƙanena kwantar da hankalinka, kawu tsoron mutanen da ne ke damunsa. Hoton tauraron ɗan Adam da ka bi ka zana na Bing ne ko Esri, masu samar da irin waɗannan hotuna a intanet, duk duniya na ganinsa. Alamar filin soja kuwa ba kai ka ƙirƙiro ta ba, tana cikin tsarin, an sa wa barikoki a Jamus da Amurka. Barikin Rukuba akwai ɗan keken da bai san hanyarsa ba? A 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ce ta fallasa sansanonin sojan Amurka, kuma sojojin da kansu suka jawo da gudun safiya. Babu abin da zai faru.

'Yar Lauya: Yaya Injiniya, ba Jamus muke ba. Muna da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Ta haramta ɗaukar hoto, zane ko rubuta bayanin wurin tsaro, ciki har da barikin soja, idan an yi da manufar cutar da tsaron ƙasa, hukuncin kuma yana iya kaiwa shekara 14. Za ka ce ai niyyarsa mai kyau ce. Haka ne, amma niyya a kotu ake tantance ta, kafin a kai can fa? Mai tambaya, daga kwamfuta kawai ka zana ko ka je wurin?

Mai tambaya: Anti, na je sau ɗaya, amma a kan titin gwamnati na tsaya. Hotunan da na ɗora a Mapillary, shafin da ake tara hotunan hanyoyi don masu zana taswira, na titi ne, ƙofar ce kawai ta fito a gefe.

'Yar Lauya: Innalillahi. To wannan ai shi ya kamata ka fara faɗa, ba katifa ba. Zane daga hoton tauraron ɗan Adam daban, tsayawa da waya a gaban ƙofa daban.

Maman Biyu: Ni dai abin da ke ba ni haushi, shagona a Terminus shekara nawa taswira na tura kwastomomi bayan layi, babu wanda ya gyara. Bariki ne ya fi damunku.

Ɗan Bukuru: Wallahi ni ko taswira ban sani ba, hoton faɗuwar rana na ɗauka kusa da wani shingen bincike, na wuni zaune a ƙasa ana bin wayata hoto bayan hoto. A garin da ya sha rikici kamar namu ba a tsayawa jin dogon bayani. Goge kawai malam.

Injiniya: Gogewar ma aikin banza ce. OpenStreetMap na ajiye tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi da ranar. Ka goge yau, gobe wani a Legas ya dawo da shi, kai kuma a ce ka yi ɓarna. Wanda zai iya ɓoye abu daga tarihi kwamitinsu ne mai kula da bayanai, kuma ba don kawun wani ya tsorata suke yi ba.

Tsohon Safiyo: Ɗana, a zamaninmu ko awon filin da ya yi iyaka da bariki za ka yi sai ka shiga da takarda ka gaida mutane. A Chana doka ta hana zana taswira ba izini. A Yukren, da yaƙi ya ɓarke a 2022, masu taswirar ƙasar da kansu suka roƙi jama'a su dakata da gyare-gyare. Bar katangar waje, cire na ciki da hotunan, ka canza sunan asusun.

Injiniya: Baba da girmanka, Najeriya ba Yukren ba ce. Canza suna kuma ba ya taɓa tsofaffin kwafin da mutane suka riga suka sauke.

Mai tambaya: Na gode duka, amma kamar ba a fahimce ni ba. Ƙofar nan farar hula na bi ta cikinta zuwa asibiti da makaranta, shi ya sa na sa ta. Kuma sunan nan da shi na yi duk aikina, shi zan nuna in ana neman masu ƙwarewa, in na canza wa zai yarda nawa ne?

'Yar Lauya: To ka zaɓa, takardar neman aiki ko kwanciyar hankali. Aƙalla sauke hotunan yau, ka samu lauya ido da ido.

Mai tambaya: Hotunan ai ba su fito sosai ba Anti. Bari in ga ƙarshen jarabawa tukuna.

Maman Biyu: In ka gama ka zo ka gyara mini shagona.